Masuntan Kogin Sakkwato, Ku Sa Ruwanku a Takarda

Tarwadar nan da kuke zaƙulowa daga laka a ƙarshen rani, wadda ake bandawa a kai kasuwar Gusau, mai laifi ce a ƙasar Indiya. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukuma ta haramta kiwonta a can, domin an kai ta ne don a yi kiwo, ta sulale ta faɗa koguna, ta kama haɗiye duk abin da bakinta ya iya ɗauka. A gandun tsuntsaye na Keoladeo da ke jihar Rajasthan, sai da aka riƙa sa mutane suna shiga ruwa suna kwashe ta. Giwan ruwa kuwa, wanda ake kaɗa wa ganga a Matan Fada ranar sun Argungu, shi ya yi ɓarnar da duniya ba ta manta ba. A shekarun 1950 aka zuba shi a tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Ya yi lamo shekara da shekaru, sai a shekarun 1980 ya tashi haiƙan. Tafkin yana da ƙananan kifaye dangin karfasa iri wajen 500 waɗanda babu su a ko'ina sai nan. Wajen 200 daga cikinsu suka ɓace ko suka kusa ɓacewa.

Ya ku masuntan Furfuri da Bungudu da Gusau da Tsafe, maganar baƙon kifi ta shafe ku ta fuska biyu. Kifin da ya hana wasu barci, ku kuka fi kowa sanin halinsa. Abin da namu ya yi a ruwan wasu kuma, na wasu zai iya yi a namu. A ruwan da Allah ya halicci kifi akwai mai cinsa, akwai cutar da ke rage shi, akwai farin da ke taka masa burki. Ran da aka kai shi inda babu ko ɗaya cikin waɗannan, sai ya yi ta haihuwa ba mai ce masa kul, ya cinye ƙwai da 'ya'yan masu gida, ya dama ruwa, har masunci ya wayi gari komarsa cike amma da iri ɗaya tak, wani lokaci ma irin da kasuwa ba ta so.

Kusan kullum ta hannun mai kyakkyawar niyya baƙon kifi yake shigowa. A shekarun 1970 masu kiwon kifi a jihar Arkansas ta Amurka suka shigo da kifin kaf na ƙasar Sin don ya share musu gansakukar da ke cika tafkunan kiwo. Ambaliya ta zo, kifi ya bi ruwa ya shiga kogin Misisifi, ya haura har kogin Ilinoi. Wani irinsa in ya ji ƙarar inji yakan yi tsalle wajen mita 3, ya faɗo cikin jirgi ya ji wa mutane ciwo. Tun 2002 ake sakin wutar lantarki a wata mashigar ruwa kusa da Cikago don kada ya ƙetara zuwa manyan tafkunan da ke kan iyakar Amurka da Kanada. Mu ma ba yau muka fara shigo da kifin waje ba: tun shekarun 1950 aka kawo wani nau'in kaf daga Turai gonar kifi ta Panyam a Filato. Yau kuwa ku duba bayan gari. Tankin siminti, tankin tamfol, rami a bakin fadama, ana sayo 'ya'yan kifi daga nesa a jarka, wasu ruwa-biyu ne tsakanin tarwada da ramboshi, mai saye bai san uwarsu ba bai san ubansu ba. Ba zagin masu kiwo nake ba, sana'a ce mai albarka, da yawanku ma kuna yi. Amma wanda ya ga yadda madatsar Gusau ta ɓalle a ƙarshen daminar 2006 ya san in ruwa ya tashi ba ya tambayar na wane ne wannan tanki.

Baƙon da ya riga ya sauka a Arewa kuwa ciyawa ce. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina ɗaukewa da rani kamar da, kachalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. A kudu kuma, wata baƙuwar kainuwa 'yar asalin Kudancin Amurka ta shigo ta Badagiri a 1984, ba a daɗe ba aka gan ta tana gangarowa tafkin Kainji ta kogin Kwara. Da aka kafa aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na masuntan Kainji a 1993, abin da aka fi dogara da shi shi ne ƙidaya: ƙauye nawa, masunci nawa, jirgi nawa, taru nawa, shekara bayan shekara. Daga baya aka gitta shinge a kogin ta wajen Yawuri don tare ciyawar. Amma wa ya shiga ruwa ya janyo ta tudu ya shanya ta? Masunta, da gayya. A Haɗeja da Nguru ma haka, mutanen ƙauye ne da lauje da adda, ruwa iya ƙirji.

To ga inda nake son ku buɗe kunne.

A Amurka akwai wani tafki a kan duwatsu, cikin gandun Yellowstone, faɗinsa wajen hekta 34,000. A 1994 aka tabbatar wani baƙon kifi ya shiga, babba mai cin 'yan uwansa, yana zaune can ƙasa inda ruwa ke da zurfi. Kifin gida, wanda ke haura ƙoramu ya yi ƙwai, dabbobi da tsuntsaye su samu su ci, ya fara ƙarewa. Ma'aikatan gandun suka kama zuba kalli. Suna kamawa, kifi yana ƙaruwa. Da suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai suka ɗauko masunta na ainihi daga jihar Wiskonsin, mutanen da suka gaji sana'ar, da jiragensu, aka yi kwangila da su. Kowane kalli aka zuba, ana rubuta daidai inda ya sauka, zurfin wurin, faɗin idon kallin, daren da ya kwana, da abin da ya kamo. Shekara ta zagayo, taswira ta nuna inda ake wahalar banza da inda ake samu. Zuwa yau kifin da aka kashe a tafkin ya haura miliyan 4, kifin gida kuma ya fara dawowa.

Ba su tsaya nan ba. Sun kama wasu daga cikin baƙin, suka tsaga cikinsu suka sa wata 'yar na'ura mai fitar da sauti, suka ɗinke suka sake su. Kifi dai ba ya rabuwa da danginsa, musamman lokacin ƙwai. Aka yi ta binsu ana ɗiga alama a taswira, har aka gano wurare 14 da suke zuba ƙwai, waɗanda in an haɗa su duka ba su kai hekta 12 ba. Ku sake duba lissafin. Tafki mai hekta 34,000, amma zuriyar maƙiyin tana fitowa daga abin da bai kai kashi 4 cikin 10,000 na ruwan ba. Da aka san haka, sai aka riƙa zuba mushen kifin da aka kashe, da wani curarren garin waken suya da alkama, a kan duwatsun da ƙwan yake. In ya ruɓe sai ya shanye iskar da ke cikin ruwan wurin, ƙwan ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba. Aikin da ya gagari ƙarfi, sanin wuri ya rage masa nauyi.

A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya labarin ya fi wannan daɗi. A 1995 aka ga kaf a tafkuna biyu maƙwabta, Crescent da Sorell. Nan take aka rufe su, aka sa raga a mafitar ruwa don kada ko ƙwai ya gangara. Aka sa wa wasu maza na'urar rediyo a ciki, maza kawai, don kada a saki mace ta ƙara zuba ƙwai. Duk inda waɗannan suka taru, an san garken yana nan, sai a zagaye wurin da taru. Wannan ne kaɗai infoman da mutumin Zamfara zai yi wa fatan tsawon rai. A 2007 aka kama na ƙarshe a Crescent. Sorell ya fi girma, ya fi taurin kai, a 2009 ma kifin ya sake yin ƙwai aka koma kusan farko, amma ba su ajiye taru ba. An fitar da sama da 41,000 daga cikinsa, aka shafe fiye da shekara 25 ana abu ɗaya kafin hukuma ta ce ragowar ba za su iya sake hayayyafa ba. Akwai waɗanda suka shiga aikin da baƙin gashi suka fita da furfura.

Wani zai ce, Malam, wannan ai aikin masu tauraron ɗan'adam ne, mu da ko fitilar kirki ba mu da ita. To ku ji yadda abin yake. Taurarin GPS wajen 30 ne, suna yawo a nisan kilomita kusan 20,000 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Ba su da ido. Abin da kowanne ke yi kawai shi ne shela: ni ne wane, ina wuri kaza, ƙarfe kaza. Wayar da ke aljihunka ta saurari huɗu ko fiye, ta auna jinkirin da saƙon kowanne ya yi kafin ya iso, ta fitar da lambobi biyu da ke nuna inda kake tsaye, kuskuren bai wuce 'yan taku ba in sararin sama a buɗe yake. Sojan Amurka suka ƙirƙiro shi, tsarin ya cika a 1995, kuma a watan Mayu na 2000 aka cire dagulawar da ake yi wa farar hula da gangan. Rasha da Turai da Sin kowa ya harba nasa, wayoyin yanzu da yawa suna jin su duka. Ba a biyan ko kwabo. Ba ya cin kati, ba ya neman sabis. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka kashe layukan waya a Zamfara aka yi makonni ba kira ba saƙo, taurarin nan suna sama suna shelarsu, duk wayar da ke da caji tana iya faɗin inda take.

Abu ɗaya kuma da ba a cika gaya muku ba: saƙon tauraron nan ba ya ratsa ruwa. Bai taɓa ganin kifi ba, ba kuma zai gani ba. A Yellowstone da Tasmaniya, mutum ne ke cikin jirgi da abin saurare, ya tuƙa har kan garken, sannan ya danna na'ura ta riƙe wurin. Duk ɗigon da ke kan waɗancan taswirori, wani ne ya jiƙe kafin a ɗiga shi. Ku kuma ɗigon nan kuna da su tun kaka da kakanni, a ka. Dattijon da ya shekara 40 yana su tsakanin Gusau da Bungudu ya san gurbin da ba ya ƙafewa ko a shekarar fari. Ya san inda kurungu ke maƙalewa a ƙarƙashin dutse, inda tarwada ke haurawa fadama da ruwan farko ta zuba ƙwai, inda gaiwa ke binne kanta ta jira damina, inda in ka jefa birgi sai ka bar rabinsa a jikin saiwa. Masu bincike a ƙasashen can miliyoyi suka kashe kafin su san kwatankwacin wannan a ruwansu. Naku ilimin aibinsa ɗaya: ana binne shi tare da mai shi. In Baba ya rasu, gurabe 20 sun rasa suna, yaran kuma sun tafi acaba a Gusau.

Akwai kuma wata falala da Allah ya yi muku wadda masu arziki ba su da ita. A jihar Minesota, Farfesa Peter Sorensen da ɗalibansa sun nuna cewa kaf yana taruwa wuri ɗaya a ƙarƙashin ƙanƙara lokacin sanyi, don haka sai su jira hunturu, su bi masu na'ura su gano taron, a kira masunta su fasa ƙanƙara su ja taru. Ku ba ku da ƙanƙara, kuna da bazara. Kogin nan da ya taso daga wajen Funtuwa ya ratso ƙasarku, da damina ba mai ƙetare shi da wasa, amma daga Maris zuwa Mayu yakan koma yashi da gurabe. Duk mai rai a ruwan, ɗan gida da baƙo, dole ya tattaru a waɗannan 'yan wurare. Wato kowace shekara kogin da kansa yake tara muku kifinsa ya ce ku zo ku ƙirga. In baƙo ya shigo, a nan za a fara ganinsa, a nan kuma za a iya gamawa da shi tun bai yi jikoki ba. Sharaɗin kawai a san gurabe nawa ne, ina suke, kuma me aka saba samu a kowanne. Wanda bai rubuta abin da ke gidansa jiya ba, yaya zai gane an yi masa ƙari ko ragi yau?

Kada kuma wani ya ce mutanenmu ba za su iya ba, don sun riga sun yi. Ku tuna rigakafin shan inna. Da can da taswirar hannu ake fita, wadda wani ya zana a ofis, rugage da ƙananan unguwanni da yawa ba sa ciki, yaransu kuma ba a kai gare su. Daga wajen 2012 aka fara zana taswirar jihohin Arewa daga hoton tauraro, har da Zamfara, gida-gida, ruga-ruga. Aka ba masu ɗiga maganin waya su saka a jaka, tana rubuta sawunsu. Da yamma a ɗora sawun a kan taswira, a ga lungun da aka tsallake, gobe a koma. Su wa suka ɗauki wayoyin nan? Matan unguwa ne da hijabansu, ƙannenku da matanku, a ƙafa, cikin rana. An ga mutum na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Barno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shelanta cewa ainihin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. In an iya bin cutar da ido ba ya gani lungu-lungu har aka kore ta, kifin da ke da ƙaya da wutsiya ba zai gagara ba.

Aikin ba shi da wuyar farawa. Waya ɗaya mai taɓawa ta isa ƙauye guda. A sami saurayi mai hankali, ko ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Gusau wanda ɗan gida ne, ya bi dattijo biyu su taka bakin kogi da rani. A kowane gurbi a tsaya, dattijo ya faɗi sunansa da tarihinsa, yaro ya danna waya ya kwafe lambobin a littafi, da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. Littafin nan dole ne, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa. A auna zurfi da gora mai alama. A rubuta mashigar kowace ƙorama, da kowane tankin kiwo da ke kusa da inda ambaliya ke kaiwa, ba don a kai ƙarar mai shi ba, don a san ta inda abu zai iya fitowa, a kuma roƙe shi ya sa raga a mafitar ruwansa. Daga nan duk ranar da aka yi su, a ƙara layi ɗaya: wuri, rana, kayan da aka yi aiki da su, irin kifin da yawansa. Manhajoji irin su KoboToolbox da OsmAnd kyauta ne kuma suna aiki ba intanet in an riga an sauke su. Hoton tauraron Sentinel-2 na Turai ma kyauta ne, yana sabuntawa kusan duk kwana 5, ana ganin yadda ruwa ke ja da yadda ciyawa ke ci. Amma kada jiran waɗannan ya tsayar da ku. Littafin 'yan makaranta da biro sun isa shekarar farko.

Iyayenmu mata masu banda da masu suya, ku ne ma kan gaba. Masunci kifin komarsa kawai yake gani, ke kuwa Inna, na mutum goma yana bi ta hannunki kafin azahar. Ke kike fasa ciki, ke kike ganin mai ƙwai da marar ƙwai, ke za ki fara cewa wannan ban san shi ba. Ranar da kika ga haka, kada ki jefa shi a wuta tare da sauran. A ɗauki hotonsa kusa da tafin hannu don a ga girmansa, a tambayi wanda ya kawo shi daga wane gurbi, a sa masa gishiri a ajiye. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, bakin Kainji, aikinta ke nan, akwai kuma jami'an kula da kifi na jiha. Hoto mai rana da lambar wuri ya fi baki dubu na "wai an ga wani irin kifi". Abin da ba a yi shi ne a mai da shi ruwa, ko a kai shi wani tafki don a ga ko zai girma.

Sai dai taswira makami ce, kuma mu a Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan haka. Takardar da ta nuna gurbin da kifi ke taruwa, in ta faɗa hannun mai zuba gamalin, a dare ɗaya zai kashe abin da za a ci shekara. Wadda ta nuna hanyar da kuke bi da asuba da inda kuke kwana a bakin ruwa, kun san wanda bai kamata ya gan ta ba. Saboda haka ba a sa ta a Facebook, ba a tura ta a zauren WhatsApp mai mutum 200. Sarkin Ruwa, ranka shi daɗe, wannan amanarka ce. A wurinka littafin zai zauna, kai da dattawan ƙungiya, kamar yadda tun da can kai ke cewa an rufe ruwa kaza sai ranar kaza. Wanda ya zo daga birni da mota yana son bayanai, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi me zai yi da su, me zai dawo wa gari da shi, kuma a rubuta. Inda hanya ba ta da lafiya kuma, a bar gurbin ba lamba. Babu kifin da ya kai ran mutum.

Abin da ya sa na nace a kan takarda ya wuce maganar baƙon kifi. Ku dubi madatsar Bakolori, can ƙasa da ku a kan wannan kogi. An gama madatsar a 1978. Manoman da ruwa da aikin suka cinye wa gonaki suka tashi neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka buɗe musu wuta, gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar a farkon shekarun 1980, ya rubuta yadda ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, shinkafa ta ja baya, su ya lalace, masunta suka bar gida. Sai da baƙo ya zo daga Kambirij kafin asarar masunci ta shiga littafi. Manomi ko ba komai yana da gona da za a auna da igiya. Masunci fa? Gonarsa ruwa ce, ba ta da iyaka ba ta da shaida, ran rabon diyya sai a ce ina abin da ka rasa. Gobe za a sake zuwa da wani aikin, madatsa ko gada ko masu tifa da ke kwasar yashi har ƙasan gurbi. Ƙungiyar da ta fito da littafi ta ce ga gurabenmu 30 da lambobinsu, ga abin da muka kama a kowanne shekara 5 a jere, ba a yi mata magana a tsaye. Kujera ake ba ta.

Kuma ku san darajar hannunku. A kogin Ilinoi, tun 2010 hukuma ke biyan masunta su kwashe kaf, don ta gane ma'aikacin ofis ba zai iya ja da wanda aka haifa a jirgi ba. In irin wannan aiki ya zo nan, na kifi ne ko na kachalla, kada ku yarda a ɗauke ku leburan yini a sallame ku da kuɗin goro, alhali ku kuka nuna wurin, ku kuka shiga ruwan. Ku shiga a ƙungiyance, da littafinku a hannu, a yi ciniki a kan sani da kuma ƙarfi. Ku kuma kiyayi tarkon da wasu suka faɗa: in aka ce za a biya kuɗi a kan kowane kai, akan sami marar tsoron Allah da zai koma kiwon abin a ɓoye. A biya a kan gurbin da aka tsabtace aka dawo baɗi aka tarar da shi tsab.

Na san halin da ake ciki. Kalli ya yi tsada, kifi ya ƙanƙance, wani wurin ba ya shiguwa, yaro yana ganin sana'ar ubansa abin kunya ce. Amma yaron nan da ke raina koma, ba ya raina waya. Ku ba shi aikin da zai riƙe waya yana bin kakansa a bakin ruwa, yana tambaya ana ba shi amsa, ku ga in bai dawo gida yana faɗin sunayen gurabe da alfahari ba. Samari, ku kuma ku daina cewa ba aikin yi alhali tsofaffin da suka san kogin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce Baba, a nuna mana.

Ruwa zai fara ja bayan kaka. Kafin lokacin, Sarkin Ruwa ya tara mutane bayan sallar Juma'a, a zaɓi dattawa biyu da samari biyu, a haɗa kuɗin littafi da na caji, a yanka gora a yi mata alamar kamu-kamu. Mutanen Furfuri su ɗauki ɓangaren da suke su a ciki, na Bungudu su ɗauki nasu, na Gusau su fara daga bakin madatsa, na Tsafe su bi tafkunansu da ƙoramunsu. In bazara ta yi, a sa rana a haɗu a gwada littattafan, a ga inda na wani ya tsaya na wani ya ɗauka, da gurbin da gari biyu ke kira da suna biyu.